Shida a Sahu Ɗaya

A Gadarif, bayan kasuwar riɗi,
inda inuwar dogon yaro ta ƙare,
Usta Tanimu ya koya mini inji da kunne
tun kafin ya miƙa mini sifana.

Ya ce: dube su, shida ne a sahu ɗaya,
kafaɗa da kafaɗa kamar masu jiran liman,
amma ba a jere suke magana ba.
Na ɗaya, sai na biyar, sai na uku,
na shida, na biyu, na huɗu ya rufe.
Gidan da kowa ya san lokacin bakinsa
ba ya girgiza.

Tsohuwar Bedford ce, ta girme ni nesa.
Da asuba allurar mai takan miƙe
ta tsaya a arba'in, ƙyam, kamar soja.
Usta ya ce kada in yarda da ita,
da sanyin safiya kowane mai jarumi ne.
Bari rana ta take,
bari ta ɗauko dawa har saman ƙarfe,
mai ya tsinke kamar kunun marowaci,
sannan ka ɗaga ƙafa daga totur
ka ga inda allura za ta kwanta.

Bana ta kwanta.
Jar fitila na ƙifta mana ido
duk inda muka tsaya.
Mai motar, Alhaji Jibo, ya ce:
ɗura mata mai kauri, liƙe fitilar da salatif,
kaka ce, kowane yini kuɗi ne.
Usta ba ya nan balle ya amsa.
Yana gida a kan gadon igiya,
likita ya ɗaura masa nasa geji a dantse,
allurarsa ta hau inda ta motar ta kasa.

Ni na amsa, murya na rawa.
Na ce a ba ni yini guda.

Na fara ɗaura gejin gwaji,
don geji ma yakan tsufa ya yi ƙarya.
Bai yi ba.
Na shiga ƙarƙashi na kwance tukunyar mai,
baƙi ya bi gwiwar hannuna har hammata.
Na murza shi tsakanin yatsu, na kai shi rana,
ina neman ƙyallin ƙarfe,
ina roƙon Allah kada in gani.
Ban gani ba.

Rariyar famfo ce ta toshe,
dauɗar damina uku ta daskare mata a baki.
Ɗan sifirin da ke tare mai kuma ya gaji,
ya gajarta da tsawon ƙwayar dawa.
Abin da ya so ya kashe inji
bai cika tafin hannuna ba.

Na wanke da kananzir, na sauya filta,
na zuba mai daidai da shekarunta.
Tunda na riga na ɓaci,
sai na ɗaure fanbel, na saita bawul,
na hure ƙaiƙayin riɗi daga lagireto,
na bi kowane nono da giris.
Alhaji na zagaya ni da agogo.

La'asar sakaliya na tashe ta,
na kai ta hanyar Doka na dawo da zafinta.
Na saki totur.
Allura ta sauko, ta sauko,
ta tsaya a ashirin, ta ƙi motsi.

Ban kai ta gareji ba.
Na tsayar da ita a ƙofar gidan Usta,
na bar ta tana numfashi,
na shiga da sallama, hannu duk baƙi.
Idonsa a rufe, kunnensa a waje.
Can ya ce: mai ya hau.
Na huɗu dai yana ɗan tari, duba filoginsa.

Na ce, Usta, ka sha magani?
Ya ce ya sha.
Na ɗauki kwalin na ƙirga ƙwayoyin da kaina.